Tauraron da Daso Ta Fara Gani

Da kakar shekarar da aka canja kuɗi zuwa naira, wata ranar Laraba, magariba ta same mu a masussuka, bayan ƙauyenmu da ke gefen Tsaskiya. Shekarata tara. Damina ta ɗauke da wuri, gero bai yi ƙwaya ba, don haka kakata Iya Hajo ta hana a bar ko tsaba ɗaya a ƙasa. Ni da ƙawata Daso, 'yar rugar Fulanin da ke arewa da mu, muna durƙushe muna tsince cikin ƙaiƙayi, sai ta ɗaga kai ta ce, "Binta, ga tauraro yana tafiya." Na zaci irin mai faɗuwar nan ne, amma wannan ba ya sauri. Ya taso daga saitin kukar maƙabarta, ya ratsa tsakanin 'yan'uwansa a natse, ba ƙara ba ƙiftawa, kafin ya kai dutsen gabas ya dushe.

Daga ranar muka samu abin yi. Idan na ɗaure awaki na kai wa mahaifina tuwo zaure, sai in zame zuwa masussuka, in tarar da Daso ta gama wanke ƙoren tatsa ta iso. Mukan kwanta rigingine a kan tarin kara da sauran yara, kowa ya tsare kusurwarsa ta sama, wanda ya fara hangowa a ba shi gyaɗa. Ba mu da agogo. Mun dai san yakan zo bayan shanu sun shiga garke, kafin kiran isha'i. Wata rana biyu za su gilma, wata rana mu tashi ba ko ɗaya, mu ɓige da gaɗa.

Da rijiyoyi suka fara ƙafewa, sai magana ta tashi a gari cewa tauraron nan ne ya shanye ruwan damina, kuma 'yar Fulani ce ke kiransa, tunda kullum ita ke fara gani. Wasu mata suka daina sayen nono a hannun uwarta. Mahaifina ya hana ni zuwa masussuka, na yi kwana biyar ina leƙen sama daga tsakar gida. Iya Hajo ce ta yafa mayafi ta tafi firamare wurin Malam Lawal, wanda ke da rediyo. Ya gaya mata ƙarfe ne Turawa suka harba, sunansa tauraron ɗan'adam, hasken rana ne yake haska shi. Da yamma ta tasa ni gaba har masussuka, ta aika aka kira Daso, ta zaunar da ita kusa da ita a gaban kowa. "Abin da bai ci hatsinka ba, bai sha randarka ba," in ji ta, "kalle shi ka bar shi ya wuce." Malam Lawal ma ya zo da agogonsa da takarda don ya gano lokacin fitowarsa. Kwana uku lissafin yana ƙin daidaita, a na huɗu ya cusa takardar a aljihu ya kishingiɗa tare da mu.

Matan sun koma sayen nono, sai dai nonon ne ya ƙare. Kafin tsakiyar rani shanun su Daso sun fara faɗuwa, mahaifinta ya kaɗa abin da ya rage ya nufi kudu. Da ta zo sallama ta tambaye ni ko tauraron yana bi ta can ma. Na ce ban sani ba. Ban sake ganinta ba.

Yanzu ina zaune a Katsina, kuma jikata ta nuna mini a waya cewa ana iya sanin mintin da kowanne zai wuce. An ce sun yi yawa, amma fitilun birni sun rufe su. A ƙauyenmu kuwa, inda duhun yake nan har yau, ana rufe ƙofa tun kafin magariba, kuma 'yar gari ba ta kwanciya a kan kara ɗaya da 'yar ruga. Samaniyar tana nan yadda muka bar ta, masu kallon ne suka watse.