Makin Alhaji Sule Mai Nama

A cikin shekarun da na yi a sashen sayen kaya, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da na haɗa makin Alhaji Sule. Lokacin ina mataimakiyar shugabar sashe a wani asibitin kuɗi a nan Yaoundé, ni ke kula da duk abin da ke shiga kicin ɗin majinyata. Ni kaɗai ce Bahaushiya a ofishin, kullum daga unguwarmu ta Briqueterie nake hawo tasi in zo.

Alhaji Sule mahauci ne a unguwarmu, aminin mahaifina marigayi, shi ne ma waliyyina ranar ɗaurin aurena. Tun kafin a ɗauke ni aiki yake kai wa asibitin nama.

A shekarar ne hukumar asibiti ta kawo sabon tsari na auna masu kawo mana kaya. Ga waɗanda ba su san aikin ba, abin da ake yi shi ne a zaɓi abubuwan da za a duba, a ba kowanne nauyinsa cikin ɗari. Mu mun ba ingancin kaya arba'in, zuwa a kan lokaci talatin, tsafta da sanyaya kaya a hanya ashirin, farashi goma. Sai babban kuku da mai kula da sito da ni, kowa ya ba mai kaya maki a kan kowane abu, a ninka da nauyin, a tara. Zuwa kan lokaci ya samu nauyi haka ne saboda akwai majinyacin da ba ya shan magani sai ya ci abinci. Ni na kawo wannan hujjar a taro, tun ba a fara kiran sunan kowa ba.

Shugabata, Madam Ngono, ta kira ni gefe bayan taron.

"Hadiza, na san mai naman mutuminki ne. In kina so wani ya karɓi wannan ɓangaren, ki faɗa."

Na ce zan iya. Na ga yadda sauran suke kallona, kamar masu jiran ranar da zan karkata ga nawa.

A inganci Alhaji ya wuce kowa, kuku ma ya ce bai taɓa mayar masa da nama ba. Amma daga mayanka zuwa wurinmu a tasi ake kawo naman, a lulluɓe cikin roba, in cunkoso ya riƙe su sai rana ta yi sama. Wani kamfani kuwa yana da mota mai firji, da sassafe yake isowa. Da na tara makin, kamfanin ya zo na ɗaya, Alhaji na uku. Na sake lissafin a kan takarda ko kwamfuta ta yi kuskure. Ba ta yi ba. Abokan aiki suka fita cin abincin rana, ni kuwa ina zaune ina kallon lambobin, ba wanda zan iya gaya wa abin da ke cina.

Ƙa'ida ita ce a aika wa wanda aka daina sayen kayansa wasiƙa ta hannun masinja. Na roƙi Madam ta bar ni in kai da kaina. Bayan la'asar na same shi a rumfarsa, hayaƙin masu tsire ya fara tashi a layin. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayani dalla-dalla da Hausa, don wasiƙar da Faransanci take.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To 'yata, naman nawa ya taɓa sa wani ciwo?"

"A'a, Baba."

"Na taɓa tauye muku kilo?"

"Ko sau ɗaya."

"To wa ya ce latti ya kai talatin?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

Sai ya ce, "Da an gaya mini da wannan mudun za a auna ni, da na shirya. Tashi ki je, Allah ya yi miki albarka."

Bai kai ƙarata wurin kowa ba. Amma Briqueterie ba ta ɓoye magana. Yaransa biyu masu kai naman suka rasa aiki, ɗaya ma mijin maƙwabciyata ne. Na je sunan wata ƙawata, mata suka matsa mini wuri a tabarma, hira ta mutu har na tashi. Mahaifiyata ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Da mahaifinki na da rai, ban san da wane ido zai kalli Sule ba." Maigidana yana Garoua wurin aiki, a waya ya ce in yi haƙuri zai wuce. Na daina bi ta layin mahauta, naman miya ma a wata unguwar, Tsinga, nake saye. Da Babbar Sallah ta zo, cinyar da aka saba aiko mana daga gidan Alhaji ba ta zo ba.

A ofis kuwa an yaba mini a taro, aka ce in zama abin koyi. Na yi godiya, na koma teburina na ci abincina ni kaɗai.

Maganarsa ta mudu ce ta hana ni sakat. Na rubuta wa Madam shawarar cewa a riƙa tara masu kawo kaya tun farkon shekara, a nuna musu abin da za a auna da nauyin kowanne, cikin harshen da suke ji, kuma a sanar da mutum makinsa a tsakiyar shekara ko zai gyara. Hukuma ta amince. A taron farko ni na yi tafinta. Alhaji bai zo ba, babban ɗansa Nasiru ne ya zo, ya zauna a baya yana rubutu. Daga baya shi da wasu mahauta biyu suka haɗa kai suka yi hayar mota mai firji. A awon da ya biyo baya na janye hannuna, wani ya ba da makin. Sun zo na biyu, aka ba su kwangilar kawo naman rago da na akuya.

Alhaji yana nan da ransa, ya bar wa Nasiru rumfar. In na gaishe shi yana amsawa, ya tambayi yara, amma hirar da muka saba ba ta dawo ba, ban kuma sa ran za ta dawo ba.

Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, lissafin ba shi da wuya, cikin mako guda za ku iya shi. Ku nuna wa mutum ma'aunin tun kafin ku ɗora shi a kai, wannan haƙƙinsa ne. In kun yi haka kuma makin ya kayar da wanda kuke jin nauyinsa, ku rubuta abin da ya fito, ku je ku gaya masa ido da ido. Kada ku sa ran wani zai raka ku.