Abin da Na Ɓoye a Jikin Keken Babana

Keken babana ya girme ni. Baƙi ne wuluk, dogon keken Ingila irin na da, mai burkin sanda da rufaffen gidan sarƙa, ga wani siririn zane mai ruwan zinare da ya bi kowane ƙarfe na jikinsa. Da shi marigayin ya yi aikin masinja a kamfanin kuza har ya tsufa, kuma ya bar mini shi babu ƙwarzane ko ɗaya. Ni ma haka na riƙe shi. Fentinsa na asali ne, ban taɓa yarda an ɗora masa wani ba. Duk unguwarmu ta Dutse Uku a nan Jos an san ba a jingina da kekena, ba a aronsa, kuma wanda ya ce in sayar masa ya ja wa kansa baƙar magana.

Da hawan jini ya kama ni bayan na yi ritaya daga koyarwa, likita ya ce in ci gaba da hawan keke, amma da awo: kar in ƙure kaina a kan tudu, kar kuma in kwanta kamar buhun masara. Ni na ji na watsar. 'Yata ta fari, wadda ke aikin jinya a Abuja, ita ce ta ɗauki maganar ta aza a ka. Bayan sati biyu sai ga saƙo a mota: wasu 'yan baƙaƙen robobi guda biyu, kowane bai kai kwalin ashana ba, da ɗan maganaɗisu kamar maɓallin riga. Wai ɗaya zai riƙa ƙirga juyawar taya, ɗayan juyawar feda, su gaya wa wayar da ke aljihuna, wayar kuma ta gaya mata.

Na ce da walakin, goro a miya. Na kira ta.

"Ke, wato daga Abuja za ki zauna kina ƙirga mini ƙafa? Uwarki ce ta kitsa miki wannan ko?"

"Haba Baba, lafiyarka fa nake nema."

"Lafiyata ko sandar da za a kora ni ɗaki da ita? Ranar da abin nan ya ce na yi sauri, sai ku haɗa baki ku ɗaure keken, na san halinku."

Ta yi ta rantsuwa, ni kuwa ban gaskata ko rabi ba. Amma yarinyar ta iya shiru mai sa mutum ya ji kamar ya zalunce ta, sai na sakko. Sharaɗina ɗaya ne: ba za a huda keken ba, ba za a manna masa gam ba, kuma duk wanda ya kalle shi kar ya ga komai sai keken babana. Ba zan yarda a rataya masa roba kamar kayan wasan yara ba.

Ranar Laraba na kai shi unguwar Laranto wurin mai gyarana. Ɗan asalin tsaunukan nan ne, Kirista, furfura ta cika masa kai, kuma shi kaɗai ya rage a garin nan da ya san cikin irin wannan keke. Mun fi shekara ashirin tare, amma gaskiya ban taɓa juya masa baya yana riƙe da sifana ba. Kowa ya san yadda masu tara tsofaffin kaya ke farautar ƙararrawa da fitilar asali, a cire maka ta gaske a maƙala maka 'yar kanti kana can kana gaisawa. Na ja benci na zauna, gwiwata na taɓa tayar.

Na ƙirga taya bai ba shi wahala ba. Ya ɗaure shi a cibiyar tayar baya, ta ɓangaren gidan sarƙa, inda sai ka kwanta a ƙasa za ka hango shi. Maganaɗisun ya liƙe da kansa a bayan feda. Na ƙirga feda ne ya zama ƙarfen ƙafa, don dole ya zauna a kan ƙarfen hagu da ya tashi daga gindin feda zuwa tayar baya, a fili ƙarara, bisa zanen zinaren nan. Ya ɗaure shi da roba ya ja da baya.

"Oga Malam, ya yi. Bar shi haka."

"Haka? Kamar kaska a jikin doki?"

Na ce zan kai wa baduku ya lulluɓe shi da baƙar fata, ya zama kamar ɗaurin da tsofaffi ke yi wa ƙarfe don kar ya goge. Ya goge hannunsa da tsumma ya dube ni.

"Oga, wannan Jos ne fa. Abu in yana waje, mutane ba ruwansu. In ka rufe shi, za su tambaya."

Nan take zuciyata ta ba ni wata fassara. Na ce a raina, so yake abin ya zauna a sarari, ranar da na ajiye keken a kasuwa a fizge, gobe in gan shi a rumfar wani. Na biya shi na tafi, ko sallamar kirki ban yi masa ba.

Badukun Anguwan Rogo ya yi aiki, ban rage masa ba. Ya yanko tsohuwar fata baƙa, ya naɗe robar tare da ƙarfen, ya ɗinke da zaren jijiya. Ni na tsaya a kansa ina cewa ya ƙara tamkewa, ya ƙara, yadda ko ɓarawo mai farcen shaho ba zai iya zare shi ba. Da ya gama ya ce, "Malam, wannan ko laya ba a yi mata irin wannan ɗinki." Muka yi dariya. Ranar Alhamis na zaga gari ina hura hanci, babu wanda ya lura da komai.

Sai Juma'a. Tun bayan rikice-rikice da tashin bama-baman da garin nan ya gani, ba a kai abin hawa kusa da masallacinmu. Ana gitta benci da igiya daga nesa, 'yan agaji su laluba kowa da sandar nan mai ƙara, kekuna kuma a jera su a gefen kwata. Na saba da wannan, har ina yaba musu. Ranar wani sabo ne a bakin igiya, magidanci mai gemu, bai san ni ba. Ya laluba ni ya ƙyale ni, sannan ya tsuguna yana duba keken. Na ga hannunsa ya tsaya a kan fatar.

"Baba, mene ne wannan?"

"Fata ce, ba ka gani?"

Bakina ke nan, kullum shi ke ja mini. Ya matsa ta da yatsa ya ji tauri a ciki. Ya kama feda ya juya ta baya don ya samu wurin leƙawa. Abin da ban sani ba, kuma 'yata ba ta gaya mini ba, shi ne robar nan tana farkawa in feda ta motsa. Ta tsakanin ɗinkin sai ga wata 'yar jar wuta tana ƙyaftawa.

"Innalillahi! Ku ja baya! Kowa ya ja baya!"

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kafin in buɗe baki fili ya buɗe, takalma sun watse, darduma a ƙasa, na tsaya ni kaɗai riƙe da kan keke. Ina cewa na likita ne, na ƙirga feda ne, amma wa ke saurare? Wa ya taɓa jin ana ƙirga feda? Wani ya ce a kira sojoji. Wani ya ce a tura shi cikin kwata a danne da dutse. Na ga mutum biyu sun fara waige-waigen bulo. Cikin masu ja da baya na hango maƙwabcina, wanda muka yi shekara da shekaru kafaɗa da kafaɗa a sahu. Kallona yake irin kallon da nake yi wa mai gyara. Wallahi wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Bulo nake tsoro, kar su farfasa mini keken. Akwai mai rake a gefe da ya gudu ya bar baronsa, na fizgo wuƙarsa na durƙusa. Gumi na shiga mini ido, ɗinkin da na sa aka tamke ya ƙi yankuwa. Na danna da ƙarfi. Zaren ya tsinke, wuƙar ta zarce, na ji ƙararta a kan ƙarfe har cikin haƙorana. Na ɓalle robar na ɗaga sama, na ɓare murfinta, ɗan batirin agogo ya faɗo ƙasa.

Shi ke nan. Wani ya yi dariya, sauran suka ɗauka. Mai gemun ya riƙe hannuna yana ba ni haƙuri, na ce aikinsa ya yi, kuma har zuciyata na faɗa. Aka tada iƙama aka bi sahu. Na yi sallar, amma Allah Ya yafe mini, ban san surar da liman ya karanta ba.

Da na fito na duba. Yanka ne tsawon yatsana, ya ratsa zanen zinaren, ya kwashe baƙin fentin har farin ƙarfe ya bayyana. Na kasa ɗora ƙafata a kan keken. Turo shi na yi tun daga masallaci har gida, a rana, mutane na gaishe ni ina amsawa da ka.

Ina shiga zaure wayata ta yi ƙara.

"Baba, lafiya? Na ga taya ta yi ta juyawa a hankali, amma feda ba ta motsa ba ko sau ɗaya. Turo shi ka yi? Jiri ne? Baba, don Allah ka faɗa mini gaskiya."

Na zauna a dakalin zaure, keken na jingine da gwiwata, na rasa wanda zan ɗora wa laifi. Na laluba ko'ina ban samu ba.

"Lafiyata ƙalau," na ce mata. "Keken kakanki na yanka. Da hannuna."