Shekara Huɗun da Na Cire wa Nura

Mun bar gida ana kiran assalatu, ni da abokan tafiyata biyu. Ɗaya turare yake sarowa, ɗaya kayan waya, ni kuma rigunan ƙwallo da takalma, sana'ar da na koma tun da na rataye usur na daina horar da yaran unguwa. Masu bibiyar rubutuna sun saba in kawo musu labarin tafiya cike da raha. Wannan karon ku yi haƙuri, rahar kaɗan ce.

Kafin mu kama hanyar filin jirgi na sa direba ya tsaya a ƙofar gidan Inna, mahaifiyar Nura. Wanda ya zauna a unguwarmu ya san Nura, yaron da muke kira Giwa. Shekara goma da suka wuce, a gwajin 'yan ƙasa da shekara goma sha bakwai, shi aka fara ɗauka cikin tarin yaran da suka cika fili, wani dillalin 'yan wasa ya tafi da shi Dubai. Ni ne kocinsa. Ranar da zai tafi har shago aka rufe don rakiya.

Na tarar da Inna a kan darduma. Idonta na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma likita ya ce yana bin sahu, kuma irin ciwon da ba ya komawa baya ne. Ta laluba ta miƙo mini leda, dambun nama ne da ƙullin yaji.

"Malam, ka ba shi wannan," in ji ta. "Ka ce masa shekara takwas ke nan rabona da fuskarsa. In kulob ɗin nan suna da uwa, su ba ni aronsa ko na mako ɗaya ne, tun ina iya gani. Bana fa ya cika talatin."

Na ce to. Amma kalmar talatin ɗin nan ta tsaya mini a rai har muka shiga jirgi, don na san fasfon Nura ashirin da shida yake cewa.

Tafiyar ba ta da wani abin a zo a gani. Mun yada zango a hanya, muka yi zaman jira har mai turare ya haddace farashin duk abin da ke shagunan filin jirgin bai sayi ko alawa ba. Da muka sauka Dubai aka dudduba biza, muka fito, zafi ya tare mu a bakin ƙofa. Ni da nake taƙama da ranar Kano sai na ga ashe tamu mai kunya ce. Ta nan tana zuwa da gumi, riga ta manne maka kafin ka samu tasi. Tituna kuwa shimfiɗaɗɗu, babu rami, babu mai oda, babu ɗan adaidaita da zai yanko maka ta hagu yana harararka. Mai kayan waya ya ce shi wannan shirun tsoro yake ba shi.

A unguwar Deira muka sauka, ɗaki ɗaya gadaje uku. Kwana biyun farko na kasuwa ne. Da safe shayin karak a ƙaramin kofi, dirhami ɗaya, mai kauri da ƙamshin kayan yaji, sai burodin Indiyawa mai maiƙo da ƙwai a ciki. Da rana shinkafar biryani wadda faranti ɗaya ke ƙosar da mutum biyu, in dai ba mai turare ne na biyun ba. Mun tsallaka ruwa a ƙaramin kwale-kwalen katako, shi ma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kana zaune kafaɗa da kafaɗa da Bapakistane da Bafilifine, kowa yana kallon gabansa. Kaya sun yi tsada, ko in ce naira ce ta rame. Duk abin da ka lissafa da kuɗin gida sai ka ji ƙirjinka ya buga.

Tun ranar da na sauka nake kiran Nura. Sau ɗaya ya ɗauka. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce suna sansanin horo a bayan gari, ba a barin kowa ya fita, in bar saƙon wurin wani zai aiko a karɓa. Muryarsa ta yi sauri da yawa, irin ta yaron da ya fasa tulu.

Rana ta uku na kai kayana ofishin kargo a Port Saeed, kusa da inda manyan jiragen katako ke lodi. Mai ofishin Bakano ne da ya daɗe a garin, ba Bahaushen da zai shigo Dubai bai san da zamansa ba. Ana auna kwalayena na tambaye shi ko ya san kulob ɗin da Nura Giwa yake buga wa ƙwallo yanzu. Ya ɗago ya dube ni, ya ajiye biro.

"Alhaji, wane kulob kuma? Ai ƙwallo khalas, ta ƙare tun tuni. Yana aiki a wani sito can Investments Park, kwana kuma a Sonapur, unguwar ma'aikata. Yaron kirki ne wallahi, ba ya shiga harkar kowa. Au, a gida ba a sani ba?"

Ba wai ban taɓa zargi ba. Shekaru nake ganin hotunan da yake turowa, riga ɗaya ce, fili ɗaya ne, amma na zaɓi in kau da kai, don in Giwa yana bugawa a waje, ni ne kocin da ya fitar da ɗan wasa. Da sunansa nake sayar da rigunan ƙwallo a shago.

Ranar Lahadi ce hutun ma'aikata. Da hantsi mai kargo ya ɗauke ni a motarsa zuwa Muhaisnah, wurin da kowa ke kira Sonapur. Kana barin dogayen gine-ginen gilashi sai ka shiga wata Dubai ɗin da ba a saka ta a hoto. Gidaje ne dogaye iri ɗaya, kowane baranda an shanya kayan aiki shuɗaye da ruwan lemo, takalman ƙarfe jere a bakin ƙofa, fararen motocin bas na kamfani a fake layi-layi. Maza ne zalla. Warin albasa da miyar kori na tashi daga ɗakunan girki, wani na aske wani a kan bokiti, wasu sun kafa wasan kurket a tsakiyar titi.

A bayan gidajen akwai wani fili na yashi, an kafa duwatsu a matsayin raga. Nan na hango shi. Ko a cikin dubu zan gane tafiyar Nura, kafaɗa a buɗe, kai a sunkuye. Na tsaya a inuwar wata bas ina kallo bai san da ni ba.

Abin da na gani a mintin nan goma sha biyar ya fi duk maganar mai kargo yi mini ciwo. An ba shi ƙwallo, ta yi tsalle ta bar ƙafarsa. An sake ba shi ta hagu, sai da ya juya jiki gaba ɗaya ya mayar da ita dama, kafin nan wani siririn ɗan Ghana ya zare ta ya wuce. Bai iya tsayar da ƙwallo ba, bai iya ɗaga kai ya duba abokin wasa ba. Kuma ba tsufa ne ya kawo haka ba. Tun can bai iya ba, ni ne ban taɓa koya masa ba. Me zai sa in koya masa? Yana ture yara uku ya ci, 'yan kallo na ihu, ni ina ɗaga hannu.

Da ya juyo muka haɗa ido, sai ya tsaya cak. Ya fito daga filin a hankali, ya durƙusa ya gaishe ni kamar muna ƙofar gida.

Ɗakinsu gadaje ne masu hawa biyu, mutum takwas. Abokan kwanansa suka ba mu wuri. Ya kawo mini ruwa mai sanyi, na miƙa masa ledar Inna. Ya buɗe, ya shinshina yajin. Sannan ya ba ni labarin, ba tare da ya ɗaga murya ba.

"Shekarar farko, Koci, ni ne sarki. Ina cikin 'yan yara, duk wanda ya zo na ture shi. Har jarida ta saka hotona. Shekara ta biyu yaran suka fara girma, ni kuwa na riga na gama girmana. Su suna ƙaruwa, ni ina nan inda nake. Aka ba da ni aro ga ƙaramin kulob, daga nan aka tura ni wanda bai kai shi ba. Kullum kocin can na cewa shwaiya shwaiya, wato a hankali, yaro ne, zai koya. Ni kaɗai na san ba yaro ba ne. Ranar da aka sallame ni, kocin har ya dafa ni ya ce kada in damu, ina da sauran lokaci."

A nan zan faɗi abin da ban taɓa faɗa a fili ba. Lokacin gwajin nan Nura yana da shekara ashirin. Ni na kai shi aka yi takardar rantsuwa ta shekarun haihuwa, ni na cike fom da hannuna, na rubuta goma sha shida. Shekarun ƙwallo muke kiran abin, kuma ba mu ɗauke shi laifi ba. Kowane koci yana yi, iyaye ma roƙonka suke. Muna ganin taimako ne, ka ba yaro tazara. Ban taɓa zama na yi tunanin cewa wanda ka saka cikin ƙananansa ka hana shi sanin iyakarsa ba, kuma ka hana shi koyon abin da zai cece shi ranar da ƙarfi ya zama na kowa.

Na isar masa da saƙon Inna kalma da kalma, har da maganar idon. Ya kifa kansa a gwiwa. Na ce masa tikiti ba matsala ba ne, ya nemi hutu mu tafi. Ya girgiza kai.

"Ba kuɗi ba ne, Koci, ina da na jirgi. Ta ina zan shiga unguwar? Mutanen da suka rufe shago don rakiyata, in ce musu kwali nake ɗauka? Duk shekara nakan ce bana zan faɗa, sai in ga ƙaryar ta ƙara tsawo."

Na fara kawo masa irin maganganun da manya ke yi, cewa sana'a sana'a ce, babu kunya a neman halal. Ya bari na gama, sannan ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

"Ka yi haƙuri, Koci, ba rashin kunya ba. Ƙaryar farko da hannunka aka rubuta ta, ni ɗorawa na yi. In ka je ka goge taka a gaban mutane, ni ma zan zo in goge tawa."

Aka kira azahar, muka bi sahun ma'aikata zuwa masallaci, na yi sallar da rabin hankalina. Da za mu rabu na ce masa na ji, kuma na ɗauka.

Sauran kwana biyun na yi su ne kamar wanda ba ya nan. Abokan tafiyata suka ja ni kallon dogon benen nan da kowa ke ɗaukar hoto a gindinsa, na ɗaga kai har hulata ta faɗi, suka yi dariya, ni ma na taya su. A jirgin dawowa ina ta saƙa yadda zan sassauta maganar, in ce zamani ne, in ce kowa na yi. Kafin mu sauka Kano na gane duk sassautawar da zan yi, Nura ne zai biya ta.

Ban wuce gida ba, gidan Inna na fara zuwa. Na zauna a bakin tabarma na faɗa mata komai, siton, ɗakin mutum takwas, da takardar da na cike. Ta saurara tana jan carbi. Na zaci za ta yi kuka ko ta yi faɗa.

"Ƙwallon dai na daɗe da sanin babu ita," in ji ta. "Ɗan da ke cin nasara ba ya gudun gida. Shiru na yi don kada in ƙara masa nauyi. Amma Malam, shekara huɗun nan da ka ɗauki biro ka cire, ni na goya su a bayana. A cikinsu ya yi ƙyanda, a cikinsu ya fara tafiya. Ba ka tambaye ni ba."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar na faɗa a majalisar ƙofar shago, inda na fi shekara goma ina cika baki da sunan Giwa. Wasu suka ce ai sun sani, wani tsohon abokina ya tashi ya bar wurin don shi ma yana da yaran da ya yi wa haka. Na ciro hoton Nura da ke manne a shago na ajiye. Wannan rubutun shi ne ragowar alƙawarin, don waɗanda ba su halarci majalisar ba, kuma da izininsa na yi.

Ana cewa tafiya mabuɗin ilimi. Ni tawa ba ta nuna mini sabon abu ba, tsohon aikina ta kai ni na gani da ido, a filin yashi a bayan gidajen ma'aikata. In kai koci ne ko uba, kuma an miƙo maka fom, rubuta abin da uwar yaron ta sani.

Jiya Nura ya turo mini hoton tikitinsa, saura kwana goma sha ɗaya. Na je na karanta wa Inna ranar da zai iso. Ta sa aka matso mata da kujerarta bakin ƙofar ɗaki, inda haske ya fi yawa, ta ce a nan za ta zauna in ya shigo.