Bututun da Maigidana Ya Bari

Maigidana ya rasu tumatirin da ya dasa a Kadawa bai gama kama ƙasa ba. Daga Filato muka zo noman rani, kuma wannan gonar kaɗai ya bar mana, ni da yara.

Ban yi kuka ba. Matan coci suka zo suka yi waƙa, ina kallon bakinsu. Fasto ya ce in dogara ga ƙarfin Ubangiji, na ce amin kamar mai amsa sallama. Ni dai ƙarfina na sani. Wadda ta tashi tana hawan dutse da damin itace a ka, ban-ruwa ne zai gagare ta?

Ranar da aka sako wa layinmu ruwa na ɗauki lanƙwasasshen bututun da yake jawo ruwa da shi daga kanal, babbar magudanar ruwan, zuwa gona. Na sha ganin yana yi, ban taɓa tambaya ba. Na tsoma, na fizga, na girgiza, ko ɗigo. Da yamma za a rufe ruwan, dashen kuwa ya riga ya sunkuyar da kai. Sai na jefar da bututun na koma bokiti, yadda muke yi a gida. Har aka kira azahar ko fangalin shuka ɗaya ban ƙosar ba. Na zauna a taɓo.

Na ce, "Yesu, nawa ya ƙare." Iyakar addu'ar ke nan, kuma ban ji komai ba.

Dattijon da gonarsa ke maƙwabtaka da tamu ya dawo daga salla ya tsaya a kaina.

"Maman yara, kanal ɗin za ki kwashe da bokiti?"

"Baba, bututun ne ya lalace."

"Lafiyarsa ƙalau. Nutsar da shi ya cika. Toshe baki ɗaya da tafin hannu, ɗayan ya zauna cikin ruwa. Sauke wanda kika toshe ƙasa cikin gona. To, cire hannunki."

"In cire?"

"Cire mana. Ba ke za ki tura shi ba."

Na cire. Ruwa ya taho da kansa, ya bi fangali bayan fangali, ni ina zaune hannuna a cinya. Can ƙarshen gona akwai sawun maigidana da ya bushe a laka tun ranar dashe. Ina kallo ruwan ya isa wurin, ya cika shi, ya wuce. A nan kukan ya zo.