Kujerar da Na Zaɓa wa Yaya Habu

Shekara tara ke nan cif da muka kai Yaya Habu makwancinsa a nan Matamaye. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya ba ni shekara shida. Ya yi tuƙi tun yana saurayi, daga baya ya ajiye sitiyari ya kama ɗinkin kujerun mota a wata rumfa bayan tasha, cikin tarin soso da leda da tsofaffin sifirin. Duk wanda ya shiga motar haya tsakanin Ɗan Barto da Damagaram a wancan lokaci, da wuya a ce bai zauna a kan aikin hannunsa ba. Ni malamin lekol ne, wato makarantar boko, don haka Mushe yake kira na, yadda ake kiran malami da Faransanci, kuma in ya ja sunan da tsawo na san ba'a ce ke tafe.

Gardama guda muka yi ta yi kusan shekara ashirin. Ta samo asali ne ranar da wani aiki ya sa aka ɗauke ni zuwa Maraɗi a wata zungureriyar motar Amurka, na dawo na cika gari da labari. Ka zauna kujera ta haɗiye ka, rami ya wuce ta ƙarƙashinka ba ka sani ba, injin ko tari ba ya yi. Yaya ya bar ni na gama, sannan ya ce, “Mushe, ai barci ka yi, ba tafiya ba.” A wurinsa motar Turai ce mota. Kujerar 'yar Jamus tauri gare ta, in ka fara zama sai ka ce bencin 'yan makaranta ne, amma tana riƙe ƙugu da kafaɗa, ka yini a kanta ka sauko a miƙe. 'Yar Faransa ta ɗan fi ta sassauci, ita ya fi so a hanya mai gargada. Ta Amurka kuwa, in ji shi, an ƙera ta ne don faffaɗan titi miƙaƙƙe irin na ƙasarsu. A nan in ta faɗa rami sai ta yi lilo sau uku kafin ta natsu, a kwana ta kwanta gefe guda, sitiyarinta kuma ba ya gaya wa hannu abin da taya ke takawa. Ni kuma in ce masa rashi ne ya koya masa son wahala. Sai ya yi dariya ya ci gaba da taka keken ɗinkinsa.

Alhazan da ke kawo motoci daga Kwatano ba sa yarda da mota sai Habu ya zauna a cikinta. Zai tuɓe hula, ya jingina, ya rufe ido, ya zura tafin hannu tsakanin ƙugunsa da kujera. In hannun ya shige yana yawo, sai ya girgiza kai. Daga nan ya ja ta zuwa hanyar Dungu, inda gargada ba ta raga wa kowa, ya dawo ya faɗi gaskiyarsa ko mai motar zai ji haushi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yanzu a waya ake zaɓen mota: a turo hoto, a ce ta yi. Kujeru sun zo da maɓallai, wata ta matsa gaba da kanta, wata har ɗumi take yi a ƙasar da rana ta ishe mu. Samari kan sanyin mota da allon gabanta suke tambaya, ban taɓa jin wanda ya ce bari in zauna in ji bayana ba. Ina jin zai fara da tsaki. Amma na san halinsa, kafin la'asar ya lallaɓi wani ya bar shi ya farke ɗaya ya ga abin da ke ciki. Rumfarsa ma yanzu cajin waya ake yi a wurin, kuma har yau ina sauya hanya don kada in bi ta gabanta.

Ciwon ya fara masa ne a baya, muka ɗauka gajiyar sana'a ce. Ashe ciwon ya shiga ƙashi. Da abin ya tsananta, aka ce sai babban asibiti a Damagaram. Da safen da za a tafi ya kira ni ya ce, “A cire kujerar bayan motar Sale, a shimfiɗa ƙyaure da bargo, a kwantar da ni a kai.” Sale maƙwabcinmu ne, motarsa kuma tsohuwar 'yar Faransa ce mai dogon baya, da ita ake kwasar rake da gyaɗa. Na ce atafau, ba za a fitar da yayana daga gida kamar damin rake jama'a na kallo ba. Na ruga gidan wani Alhaji da na koyar da 'ya'yansa, ya ba ni motarsa ta Amurka, fes da ita, har da direba.

Kafin in dawo unguwa ta taru a ƙofar gida. A garinmu ba a mayar wa babban mutum alherinsa a gaban mutane, kuma Yaya ba mai kunyata ƙanensa ba ne. Ya dubi motar, ya dube ni, ya ce Bismillahi. Da ƙafarsa ya taka ya shiga, dafe da kafaɗata. Matarsa Binta ta zauna kusa da shi, ni na shiga gaba ina ji da kaina. Sau biyu ina waiwayowa in ce, “Yaya, ya ka ji?” Bai amsa ba, na ce a raina barci ya ɗauke shi. Sai da muka tsaya a ƙofar asibiti ya buɗe ido, zufa ta jiƙe masa riga, ya ce, “Mushe, ka yi gaskiya. Tana da daɗi.” Mutum huɗu suka fito da shi a kwance. Kwana goma sha biyu ya yi a can, Allah Ya karɓi abinsa.

Shekara tara ina ba da labarin nan. A majalisa, a wurin suna, a ko'ina aka taɓo zancen mota, sai in ce ai ko Habu da kansa sai da ya sallama mini kafin ya rasu. A yi dariya, a yi masa addu'a, ni kuma in ji sanyi cewa na yi masa gata a tafiyarsa ta ƙarshe.

Bana, ranar da muka taru yi masa addu'a, na sake ba da shi a zaure. Da mutane suka watse Binta ta aiko a kira ni. Da na je ta ce, “Mushe, don girman Allah ka daina ba da labarin nan.” Ta ce duk lilon da motar ta yi sai ya damƙe mata wuyan hannu, yana cizon bakin rigarsa don kada in ji. Muna wuce Kance ya raɗa mata cewa ya daina jin ƙafafunsa. Likita da ya duba shi ya tambaye ta wa ya kawo shi a zaune, mutumin da ƙashin bayansa ya yi haka ai a kan abu mai tauri ake kwantar da shi. Yaya ya sa ta yi alkawarin ba za ta faɗa mini ba, ya ce, “Ƙyale shi, so ne ya sa shi.” Ta ce, “Na riƙe iya riƙona. Amma ba zan iya ƙara jin ana dariya a kai ba.”

Na san kwanansa ne ya ƙare, kuma ciwon ba mai barin sa ba ne ko a wace mota aka kai shi. Malamai sun gaya mini haka, na kuma yarda. Sai dai kwana goma sha biyun nan da ya yi ana juya shi, ana yi masa alwala, wataƙila da ya yi su yana iya tashi zaune. Motar ba ta da laifi, ba don irin bayansa aka yi ta ba, shi kuma ya san haka fiye da kowa a garin nan. Na zauna na binciki zuciyata ko son Yaya ne ya kai ni gidan Alhaji ko son in ci gardama, na tarar duka biyun ne, kuma na kasa raba su. Wannan ne ke cin raina.

Har yanzu akwai tsofaffin motoci biyu ko uku a tasha da ke yawo da ɗinkinsa, su ma sun kusa tsayawa. Abin da zai daɗe ya fi su shi ne halin mutumin da zafi ya kai shi maƙura, amma ya tattara sauran ƙarfinsa ya faranta wa wanda ya jawo masa shi. Don haka na rubuta wannan ga duk wanda ya taɓa jin labarin daga bakina: Habu bai sallama ba. Ya faɗi abin da yake bukata sau ɗaya, ban ji ba, ya rufa mini asiri.

Allah Ya jiƙan ka, Yaya, Ya yalwata maka kabarinka. Ka yafe mini. Da na kira Sale.