Gem Ɗinmu da Hukuncin Kaka

Shekaranjiya mai gyara ya buɗe tsohuwar rediyona, wani wari mai kama da ƙarnin kifi ya bugi hancina. Kai da ba ka san shi ba sai ka kau da kai. Ni kuwa dariya ta ƙwace mini, don nan take na ganni a gidanmu na Roni, ina yaro.

Gem ɗaya muke da shi duk gidan, irin wanda ake cusa wa kaset a haɗa da talabijin. Kawu ne ya kawo mana shi daga Kano. Da batirin mota muke kunna shi, mu yi layi a tsakar gida, wanda ya faɗi ya miƙa wa na bayansa. Amma Baba yana da doka: da ruwan farko ya sauka, gem ya shiga hutu sai gero ya shiga rumbu. A ɗakin Kaka ake ajiye shi, a naɗe cikin zanenta a ƙarƙashin gado, don ita kaɗai ce ba mai iya yi wa wayo. Haka muke cinye damina muna noma muna lissafa wanda zai fara riƙe shi.

Wata shekara da aka gama ɗaurin gero, muka ruga ɗakin Kaka har muna ture juna. Yayana ya warware zanen, sai ga wari. Wani ruwa mai danƙo ya tsatso ta ƙasan gem ɗin ya ɓata zanen. Muka haɗa, talabijin ba ya nuna komai sai layuka suna rawa.

Ni tun ina ƙarami mai yawan wasiwasi ne, alwala ɗaya sai na maimaita ta. Da ruwan nan ya taɓa yatsana, ban san lokacin da na ɗaga murya ba.

"Fitsarin ɓera ne! Najasa ce!"

Yayana ya harare ni kamar ya shaƙe ni, amma Kaka ta riga ta ji. Buzun sallarta kuwa a gefen gadon nan yake.

"Maigidana ya yi gaskiya," in ji ta, don haka take tsokanata. "Ku ɗebo ruwa a baho da sabulu. Ko a wanke shi tas, ko ya bar gidan nan."

Duk mun san ruwa ajalinsa ne. Baffa, ƙanen Baba, shi ya durƙusa ya roƙi alfarma a bari mai gyara ya duba tukuna. Ta yarda, amma gem sai a ɗakin awaki ya kwana. Ni kuwa na rasa abin da zan roƙa wa Allah. In najasa ce, mun rasa gem. In ba ita ba ce, na tayar wa gida hankali a banza.

Washegari Baffa ya goya ni a keke zuwa Kazaure, gem a ƙirjina cikin leda. Mai gyaran rediyon dattijo ne, rumfarsa cike da matattun rediyoyi. Ya kwance noti, ya shinshina, ya nuna mini wani abu kamar ɗan gwangwani, bai kai kan yatsa ba. Ya kumbura, gindinsa ya yi tsatsa.

"Ga ɓeran naka. Kondensa ce ta tsufa ta yi yoyo. Da kun ƙara barinta da ta cinye layukan wutar nan."

Ya narkar da dalma ya cire ta, ya goge wurin da sifirit da tsohon buroshin haƙori. Ya ciro wata daga cikin rediyo, ya duba ƙafafunta da kyau kafin ya dasa, wai in aka juya ta fashewa take yi. Sannan ya haɗa shi da talabijin. Sai ga kiɗan nan namu! Ga ɗan mutumin cikin gem ɗin yana tsalle! Na yi tsallen da har na zubar masa da gwangwanin notuna.

Duk da haka sai da na tambaye shi ko ruwan najasa ne. Ya ce shi ba malami ba ne, amma ba daga cikin dabba ya fito ba. Ya ƙulle mini matacciyar kondensar a takarda na kai wa Kaka shaida.

Kaka ta juya ta a tafin hannu, ta kai hanci, ta yamutsa fuska.

"Wannan 'yar mitsitsiyar? To, ku shafe bayansa da jiƙaƙƙen tsumma. Kai kuma mai gano najasa, zanena yana jiranka a bakin rijiya."

Wallahi ban taɓa yin wanki da murna irin ta ranar ba. Ina cuɗa zane ina jiyo ihun 'yan'uwana, ina jiyo Kaka tana cewa, "Tsallaka mana, ragon banza, ga rami nan!"

Yanzu kowane yaro da wayarsa a hannu, ya shige lungu shi kaɗai. In ta lalace, kukan nasa ne shi ɗaya, in ta gyaru ma ba wanda ya sani. Mu kuwa ranar nan gida guda ne ya ɗauki sowa, har da tsohuwar da ta so tsoma mana shi a baho. Allah ya jiƙanta.