Rubutun Bayan Ƙofar Baba Ƙusa

Shekara ashirin da biyu bango ɗaya ne tsakanina da Baba Ƙusa a bayan zauren wasan kwaikwayo na kwalejinmu. Ni ina ɗinka wa ɗalibai kayan wasa, shi yana haɗa musu ɗakuna da tagogi da kujerar alƙali daga falankin da ya riga ya gaji da duniya. Ɗalibai ne suka laƙa masa sunan, saboda ba a ganinsa sai da ƙusa uku ko huɗu a baki, ta gefensu yake amsa gaisuwa. Ni Kafinta nake ce masa, shi ya ce min Tela, a haka muka tsufa. Faɗanmu kullum a kan garin katako ne, wanda ke bi ta saman bango ya sauka a kan yadina. Sai ya bari na gama zazzaga masifata tas, sannan ya miƙo min tsintsiya.

Mutum ne mai tsantseni har ya ba ka haushi. In an gama wasa, washegari da safe zai wargaza komai, ya zare ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, ya miƙe lanƙwasassun da hama ya zuba a gwangwani. Ko guntun katako bai taɓa kaiwa gida ba, wai kayan makaranta ne. Abu ɗaya ne kawai ba ya wargazawa, wata ƙofa mai nauyi da take tsaye a cikin firam ɗinta. Ta yi ƙofar asibiti, ta yi ta kurkuku, ta yi ta gidan attajiri. Gabanta ya sha fenti har ya yi kauri, amma bayanta, wanda 'yan kallo ba sa gani, buroshi bai taɓa hawa ba.

Ɗalibanmu suna da wata ɗabi'a. Duk wanda zai shiga dandamali ta wannan ƙofa, sai ya ari fensirin da ke maƙale a kunnen Kafinta ya rubuta jimlarsa ta farko a bayanta, don in tsoro ya ɗauke masa hankali ya leƙa kafin ya tura. Na ga ƙattin samari masu cika baki suna tsaye a wurin, suna bin rubutu da yatsa. Da shekaru suka tara, bayan ƙofar ya cika da rubuce-rubuce, wani kan wani. A cikinsu, daidai kafaɗar mutum ta hannun hagu, akwai layi uku na 'yarsa.

Ita ce autarsa, kuma ita kaɗai ce cikin 'ya'yansa biyar ta taka kwaleji. Shi kansa bai yi karatu ba, lambobin jikin tef ɗin awo kaɗai ya sani. Yarinya ce mai surutu, ta gaji idon uwarta da taurin kan ubanta. Ni na ɗinka mata rigar da ta yi wasanta ɗaya tilo da ita, sau uku tana dawo min da ita wai hannun ya matse ta. Ta fito a ma'aikaciyar jinya, ba wani babban matsayi ba ne, amma ranar ubanta ya sa rigar da ba ta taɓa ganin garin katako ba, ya tsaya a gefen labule yana kallo kamar bai taɓa ganin wasa ba. Wata biyar bayan nan ta kwanta ciwo. Kwana shida ta yi.

Bayan sati biyu da rasuwarta ya dawo aiki. Daga nan na lura kullum in ya buɗe ɗakinsa, kafin ya taɓa zarto, yakan tsaya a bayan ƙofar nan na ɗan lokaci. Wata rana na shiga aron almakashin kwano na same shi a tsaye, na gane hannun yarinyar, na buɗe baki zan karanta masa. Ya sa tafinsa ya rufe wurin.

Ya ce, "Bari, Tela. In kika karanta ta gama magana ke nan. Yanzu kuwa da saura."

Ya gaya min ranar da zai yi ritaya zai roƙi shugaban sashe ya bar masa ƙofar, ya kai ta gida, ya zaunar da uwar yarinyar, sannan a kira ni in karanta musu su biyu. Na ce masa wannan ai wahalar da kai ne, layi uku na wasan yara, wataƙila ma cewa ta yi a kawo ruwan zafi. Ya ce ko shi ne. Daga ranar na kiyaye idona. Shekara tara ina wucewa ta wurin ina kau da kai, ina ganin mutunci nake yi masa. Waya tana cikin jakata duk tsawon lokacin nan, ban taɓa tunanin in ɗauki hoton wurin in ajiye ba. Wannan wautar har yau ban yafe wa kaina ita ba.

Saura wata huɗu ritayarsa aka kawo mana sabon malami, yaro mai zafin aiki, ba shi da mugunta ko kaɗan. Ya zauna a kujerun gefe lokacin gwaji, ya ga duk sanda aka tura ƙofar farin bayanta yana haskawa da tarkacen rubutu. Ya ce a shafe bayan duk katakan da baƙin fenti. Kafinta ya ce to. Bayan sati ya sake tuna masa, ya ce to. Haka yake, ba ya musu da malami, sai dai ya kashe magana da to. Da ya buɗe baki ya faɗi dalili da ba wanda zai taɓa ƙofar, amma shi bai iya kai ciwonsa gaban yara ba.

A lokacin ne aka ba shi ranar aikin ido, za a cire masa yanar da ta rufe shi. Ya daɗe yana ja da baya, sai a shekarar ya yarda, ya ce yana so ranar da zan karanta ya riƙa bin layin da idonsa sosai. Ya bar min makullin ɗakinsa, kwana goma zai yi.

A rana ta bakwai shugabar ɗaliban wasa ta zo wurina da ƙawayenta. Ta ce, Anti, muna so mu gyara wa Baba ɗakinsa kafin ya dawo, mu share, mu jera masa kaya, ya ji daɗi. Na ji daɗin maganar har raina. Ina tsakiyar yanka riguna goma sha biyu na wani karatun wasa da za a yi a zaune, kai ko ɗagawa ban yi ba, na zaro makulli na miƙa mata. Na ji su ta bango suna dariya suna jan kaya. Na ji warin fenti ma, na ɗauka gaban tagogi suke sabuntawa. Yaran sun ji malaminsu ya yi maganar sau biyu, sun ɗauka ciwon ido ne ya hana tsoho, suka ce bari su ɗauke masa nauyi. Shafi biyu suka yi, don ya kama da kyau.

Sai da yamma na leƙa karɓar makulli na gani. Na zauna a kan bencinsa. Shugabar ta tambaye ni ko aikin bai yi kyau ba ne. Na dube ta, fenti har goshinta, tana jiran yabo. Na miƙa hannu na karɓi makullin.

Ya dawo da baƙin tabarau irin wanda ake ba masu aikin ido. Na tare shi a bakin zaure don in riga gaya masa, amma yaran sun riga ni, suka kewaye shi suna tafi suka ja shi ciki. Ya dubi zartunansa a jere bisa tsawo, ya dubi ƙasa fes. Sannan ya zagaya bayan ƙofar. Ya daɗe a can. Da ya fito ya ce musu sun kyauta, Allah ya yi musu albarka, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da godiya. Suka tafi suna murna.

Na ce, "Kafinta, ni na ba su makullin."

Ya ce, "Na sani. Ke na bar wa."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya ɗauko tsumma da ruwan wanke fenti ya fara gogawa a hankali, daidai kafaɗa ta hagu. Fentin ya taso, fensirin ya taso tare da shi, abin da ya rage toka-toka ne a jikin katako. Ni kuma na bazama ofishin sashe na tono takardar wasan daga kwalin shekara tara da suka wuce. Jimlar ma'aikaciyar jinya ta farko kalma huɗu ce, ba za ta cika ko layi ɗaya ba. Sauran layi biyun nata ne, ba su cikin kowace takarda. Na nemi 'yan ajinsu uku a waya, babu wanda ya tuna ta rubuta wani abu.

Kwana biyar bayan haka ya shigo ɗakina, abin da bai saba ba, riƙe da guntun falanki da ya goge sumul. Ya ajiye shi a kan kekena. Ya ce shekara tara yana kallon rubutun nan kullum, ya san inda ya hau da inda ya sauka kamar yadda ya san haƙoran zartonsa, don haka ya zana shi daga ka. Ya ce ya fasa jiran ritaya, in karanta masa yanzu.

Na sa tabarau na ɗaga shi wajen taga. Wallahi daga nesa hannunta ne. Karkatar nan tata zuwa dama, tsawon layukan, na ukun da ya fi guntu, har wurin da ta danna fensir da ƙarfi. Amma da na matso da shi babu harafi ko ɗaya a ciki, hawa da sauka ne kawai da 'yan ƙugiyoyi. Yana tsaye hannu a baya yana kallon bakina. Na yi niyyar in ƙirƙiro masa magana mai daɗi, har na shirya ta a raina, sai na ga in na yi haka na rufe bakin yarinyar da nawa.

Na ce, "Ba ya karantuwa."

Ya gyaɗa kai. Ya ce wataƙila a tsakiya ya kuskure, zai sake.

Ranar ritayarsa shugaban sashe ya tambaye shi ko akwai abin da yake so ya tafi da shi. Ya ce babu. Ƙofar tana nan, makon jiya ma ta yi ƙofar ofishin 'yan sanda. Wata bakwai ke nan da tafiyarsa, kuma duk bayan sati biyu ko uku babban ɗansa yakan biyo ta nan a kan hanyarsa ta zuwa aiki, ya ajiye min guntun falanki, ya ce Baba ya ce a duba wannan. Nakan sa tabarau in duba tsakani da Allah, layi bayan layi. Goma sha ɗaya ne yanzu a ƙarƙashin teburin yankana. Na ƙarshen sun fi na farko tsabta, amma sun fara daina kama da hannunta, kuma ban san yadda zan aika masa da wannan maganar ba.